Boxer a hunturu: sanyi na mai tuƙi ne, ƙura ta inji ce

Ranar Alhamis tun ba a idar da sallar asuba ba hanyoyin da suka nufi kasuwar Maigatari ke cika da ƙugin babura. Haka ran Juma'a a Wudil, haka ran Lahadi a Dambatta. Mai buhun gero, mai akuya a kwando, malamin firamaren da makarantarsa ke bayan ƙauye uku, mai kai tumatir Kwanar Gafan daga gonakin Kadawa, kowa yana bisa ƙafa biyu, kuma kaso mai tsoka na waɗannan babura Boxer ne. An san halinsa da damina, an san shi da bazara. Abin da ba a cika zama a warware ba shi ne yadda yake daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da mutum zai fito jaura na dukan ƙirjinsa, hazo ya rufe hanya, inji kuma ya kwana cikin ɗari.

Tun farko ga hukuncinmu. A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya a sami babur da ya fi shi dacewa da zirga-zirgar hunturu, ba don ba shi da aibi ba, sai don duk aibin da yake da shi ana iya maganinsa a gindin bishiya da sifana biyu. Sanyinmu bai isa ya yi wa injinsa lahani ba, iyakarsa ya sa shi gardamar tashi. Ƙura ce ke cinye shi. Sanyin kuwa a kan mai tuƙi yake ƙarewa, domin babur ɗin bai tanadar masa kariya daga iska ko ta faɗin tafin hannu ba.

Wanda muke magana a kansa shi ne ƙaramin, na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, mai inji kimanin si-si 100. Akwai yayansa mai 150, amma wannan ne na talaka. Silinda ɗaya, giya huɗu, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, kafireta ke ba shi mai, birkin gaba da na baya duka na cikin dirom ne. Akwai mai kik kaɗai, akwai mai kik da salf. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, kariyar bayansa ƙarfe ce mai ɗaukar wahala. In hanya na da kyau, kaya ba su wuce kima ba, kafireta a saice, lita ɗaya kan kai mutum wajen kilomita hamsin ko fiye. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 wannan ya zama abin da mai saye ke fara tambaya, kafin ma launi.

Ya kamata a raba sanyi da sanyi, saboda shawarwari sun yi yawa a Facebook da TikTok, kuma da yawansu daga ƙasashen da damuwarsu ba tamu ba ce suka fito. A Kanada da wasu sassan Amurka akwai ruwan sama da ke sauka yana ruwa, da ya taɓa titi ko waya ko reshe sai ya daskare nan take. A Janairun 1998 irin wannan ruwa ya shafe kwanaki yana zuba a gabashin Kanada, ƙanƙara ta yi wa wayoyin lantarki nauyi har manyan turakun ƙarfe suka durƙushe, miliyoyin mutane suka zauna babu wuta a tsakiyar muku-muku. Su can sai an watsa gishiri a kwalta, a ɗaura wa taya sarƙa, a zuba maganin daskarewa a lagireto, a nemi baƙin mai mai ruwa-ruwa. Ruwa yana daskarewa ne a digiri 0. Mu a nan sanyin asubar Disamba da Janairu yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, wasu darare ya sauka ƙasa da 10, musamman a bakin fadama, da azahar kuma ya haura kusa da 30. Babu abin da zai daskare a jikin babur. Namu bala'in iskar arewa maso gabas ce ke kawo shi, wadda ke kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ƙura mai laushin gari wadda ko ɗaki a rufe sai ta kwanta a kan kwano.

Gardamar tashi ita ce ƙorafi na ɗaya, kuma rabin ƙorafin laifin hannu ne. Fetur ba ya kamawa da wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Inji mai sanyi ba ya taimaka masa ya yi tururin, wani ɓangarensa ma maƙalewa yake yi a bangon hanyar shiga. Aikin cok shi ne ya rage iskar ko ya ƙara man, har abin da ya isa fulogi ya kai ga kamawa. Tsarin da ke aiki shi ne wannan. A buɗe famfon mai, a dakata kaɗan kwanon kafireta ya cika. Mukulli a kashe, a taka kik sau biyu ko uku a hankali, wannan yana motsa baƙin man da ya kwanta, yana kuma jawo fetur. A ja cok gaba ɗaya, a kunna mukulli, a cire hannu daga totur, a buga kik ɗaya mai ƙarfi tun daga sama har ƙasa. Babur mai lafiya ba ya wuce bugu uku. Da ya kama, a mayar da cok rabi, bayan rabin minti zuwa minti ɗaya a kashe shi gaba ɗaya, a bar injin yana silo kamar minti biyu, sannan a yi kilomita biyu ko uku na farko ba tare da an matsa masa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne murɗa totur ana buga kik. Buɗe totur yana shigar da iska mai yawa, ya rushe abin da cok ke ƙoƙarin haɗawa. Na biyu shi ne buge-buge babu ƙaƙƙautawa da cok a jaye har fulogi ya jiƙe sharkaf, a nan ne za ka ji warin fetur, ka ga mutum yana gumi cikin sanyi. In an kai haka, a kashe cok, a buɗe totur har ƙarshe, a buga kik biyar ko shida don iska ta share man. In ya ƙi, a kwance fulogi a goge shi a bar shi ya sha iska. Na uku, wanda ya fi ɓarna a ɓoye, shi ne mantawa da cok a jaye a kama hanya. Mai zai tafi kamar ana zubar da shi, fulogi ya yi baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Sai kuma masu tayar da inji su yi ta zuga shi yana kururuwa wai ya yi zafi da wuri. A waɗannan daƙiƙun farko baƙin mai bai gama hawa kan silinda ba, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Babur ɗin da aka bi masa wannan tsari amma kullum sai an tura shi, ba sanyi ke damunsa ba, sanyi tona masa asiri ya yi. Abu uku ake dubawa. Fulogi: in bakinsa ya cinye ko tazararsa ta buɗe, a sauya, abu ne mai araha, kuma a riƙa ajiye na biyu tare da sifanarsa a akwatin gefe. Ƙaramin jet na silo a cikin kafireta: raminsa bai fi tsinin allura ba, ɗan datti kaɗan ke toshe shi, kuma shi ne ke ciyar da inji lokacin tashi. Man 'yan bumburutu da ya kwana a buɗaɗɗen galan a bakin hanya cikin wannan ƙura shi ke kawo dattin, don haka in dole ce ta sa a saya a wurinsu, a sa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Akwai ɗan noti a gindin kwanon kafireta, a riƙa kwance shi lokaci-lokaci a zubar da abin da ya kwanta. Na uku bawul ne, wato 'yar ƙofar da iska ke shiga ko hayaƙi ke fita ta cikinta a kan silinda. In tazararsa ta matse, ba ya rufewa sosai, matsin iska ya ragu, tashin safe ya zama yaƙi. Ana saita shi ne inji a sanyaye, da ma'aunin siraran ƙarafa, bisa lambar da ke littafin babur. Bakaniken da ya ce kunnensa ya isa, ko ya kama saitin kana isowa inji da zafi, a gode masa a nemi wani.

A nan ne kik ke nuna darajarsa. Batir irin na ruwa yana rage ƙarfi a sanyi, daidai lokacin da injin ya fi nauyin juyawa, kuma na babur ƙarami ne. Cikakken batir mai lafiya yakan nuna wajen volt 12.6 a mitar awon batir, wanda ya sauka kusa da 12 bayan ya kwana ya fara ban kwana. Mai salf ya yi tashin farko na safiya da ƙafa, ya bar salf don sauran yini. Boxer mai kik kan tashi ko batir ya yi rauni, kuma ga mutumin da gidansa ke nesa da mai cajin batir wannan ya fi kowace kwalliya.

Wata ɗabi'a da ya kamata a daina: kunna takarda ko kara a ƙarƙashin inji don a ɗumama shi, da kwana da babur a ɗaki ɗaya da kaskon garwashi. Kafireta tana da bututun da take zubar da rarar mai ta ƙasa, tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya tafi neman wuta. Hunturu lokacin gobara ne da ma, komai a bushe. A ajiye shi a zaure ko rumfar da babu wuta, a rufe famfon mai, a lulluɓe shi da tsohon buhu ko tabarma, wannan ya isa. Shi kansa garwashin a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ita ce ke sa a wayi gari da ciwon kai da jiri, wani lokaci ma a rasa rai. Kada kuma a bar babur yana silo a cikin rufaffen ɗaki, hayaƙin salansa irin gubar ce.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi na gaske. Inji yana shaƙar iska mai ɗimbin yawa a kowane minti, kuma abin da ke tsakaninsa da ƙurar hanya shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira iya-kilina. Ƙurar nan yashi ce da aka niƙe. In ta wuce matata sai ta gauraya da baƙin mai ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita, tana kankare silinda da ringi a kowane hawa da saukar fistin. Ba a ganin ɓarnar a ranar. Sai wajen Maris, zafi ya fara, a ga salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa, babur ba ya jan tudu, a ce ai zafi ne ya kashe shi, alhali tun Janairu aka yanka shi.

Matatar Boxer tana aiki in an kula da ita, amma girmanta bai kai ƙurar burji ta hunturu ba, balle ga wanda ke bin bayan tifa ko garken shanu a kan labi. Duk mai bin burji kullum ya buɗe ta kowane mako. In ta soso ce, a wanke da kalanzir ko ruwan sabulu, a matse ta a tafin hannu ba murɗawa ba don murɗa na yaga ta, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta kamar cokali ɗaya, a mutsuka ya ratsa ko'ina, a matse rarar. Man nan shi ke kama ƙurar, busasshen soso rariya ce kawai. In mai ya yi yawa kuma inji zai shaƙe ya riƙa shan fetur. In ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a sa mata mai, a bubbuga ta a hankali, in ta yi duhu a sauya. Kada a wanke soso da fetur, yana cinye shi, ga haɗarin wuta. Kafin a mayar, a goge cikin akwatin da ɗanyen tsumma, a duba robar da ta haɗa akwatin da kafireta. Iskar hunturu tana busar da roba ta tsattsage, kuma tsaga ɗaya a wurin ta wofintar da duk wankin da aka yi, domin iska ta sami hanyar da ba shinge. Masu huda matata ko cire ta wai babur ya ƙara gudu, gudun da suke ji na ƙara ne kawai, kuɗin fistin da ringi da gyaran silinda na jiransu.

Baƙin mai wajen lita ɗaya injin ke ɗauka, kuma 20W-50 shi ne wanda aka saba ba shi. Harafin W da ke jikin galan alamar lokacin sanyi ce. Lambar da ke gabansa na nuna yadda man ke gudana a sanyi, ta bayansa kuma kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Mai lamba 20W yana iya tayar da inji har a sanyin da ya sauka ƙasa da 0, don haka babu dalilin neman mai ruwa-ruwa irin na motocin ƙasashen ƙanƙara saboda asubar digiri 11. Injin da iska ke sanyayawa, ɗauke da buhu biyu cikin yashi da azahar, kauri yake buƙata. Akwai kuma wani dalilin. Kulocin babur a cikin baƙin man yake iyo, wasu mayukan mota kuwa an sa musu sinadarin rage gogayya wanda ke sa faifan kuloci sulɓi, ka ji inji na kuka babur ba ya tafiya. A nemi wanda aka rubuta 4T ko JASO MA a jikinsa, a galan mai hatimi, ba na awo a kwalbar lemo ba. A hunturu muna ganin kada juye ya wuce kilomita 1,500 ga mai bin burji. Ɗan acaban da ke yini a hanya, mako biyu ya ishe shi. A yi juyen inji da ɗumi don dattin ya biyo man, a goge kewayen murfin kafin a buɗe, kada a zuba ƙura da hannun kai.

Abu ɗaya da masu ƙera shi suka yi daidai shi ne rufaffen gidan sarƙa. Abin takaici shi ne yadda samari ke cire shi a makon farko, wai yana ƙara ko yana tsufar da babur. Buɗaɗɗiyar sarƙa mai maiƙo a cikin wannan ƙura ba ta daɗewa, ita da haƙoran da take hawa. A bar gidan a wurinsa. Duk mako biyu a buɗe, a wanke sarƙar da kalanzir da tsohon buroshi, a ɗiga mata man giya mai kauri kaɗan-kaɗan, a goge na waje. Lilonta a tsakiya ya zama tsakanin santimita 2 da 3. In ta matse tana cin boris, in ta saki tana iya sauka a tsakiyar tafiya. Ranar sauyi kuma a sauya ta tare da haƙoran gaba da na baya, sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora asara biyu ce.

Birki ba abin yabo ba ne, ba kuma abin zagi ba. Dirom yana tara ƙura, fatar birki ta yi santsi, ka ji ƙiii amma kamun ya ragu. Buɗewa a goge da tsumma sau ɗaya a wata ya wadatar, kada a hura da baki. Wayoyin birki da kuloci da totur su ma suna ƙeƙashewa a wannan lokaci, ɗigon mai a bakinsu yana hana su tsinkewa a dokar daji. Iskar taya kuwa tana raguwa kaɗan da sanyin safe, don haka a auna ta kafin a yi tafiya, ba bayan an yi gudu ba. A ma'aunin iskar taya na PSI, wajen 25 a gaba, 28 a baya in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo ko kaya. A hanyoyin jigawa masu zurfin yashi, irin na arewacin Gumel da Babura, rage 'yar iska kaɗan yana sa taya ta shimfiɗu ta daina nutsewa, amma da yake mai tiyub ce, in aka rage da yawa ga kaya, bakin tiyub ɗin ne zai tsinke. A yashi giya ta biyu, totur a tsaye ba a saki ba a ƙara, nauyi a baya, hannu ya bar birkin gaba. Yawancin faɗuwar da ake yi a rairayi daga damƙe birkin gaba take.

Inda Boxer ya gaza ƙarara shi ne fitila. A yawancin irin waɗannan ƙananan babura hasken gaba yana bin juyawar inji ne, in ka rage gudu ya dushe, in ka ƙara ya haska. Wato a daidai lokacin da hazo ya tilasta maka tafiya a hankali, a lokacin fitilar ke yin ja kamar aci-bal-bal. Ranar da hazo ya yi kauri, irin wanda hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke gargaɗi a kansa, wanda ke hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano, tsakiyar rana ma ba a hango nesa, balle asuba a kan burji mota ta wuce ta tayar da nata. Dabarar ita ce a sauko giya ɗaya ƙasa don inji ya riƙa juyawa da sauri alhali tafiyar a hankali take. A yi amfani da ƙaramin haske, domin babban haske sama yake dukan ƙurar ya dawo wa mutum a ido. Fararen fitilun LED masu tsananin haske da ake ɗaurawa a kan ƙarfen gaba sun fi muni a hazo, suna kashe idon mai tahowa, kuma in an haɗa su kai-tsaye da batir ba lissafi sukan tsotse shi. Ƙari ɗaya da muke goyon baya shi ne ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa a ɗaura ta ƙasa-ƙasa, a haɗa ta da fis.

Fitilar baya ma ta fi ta gaba muhimmanci a kan kwalta, kuma ita ce wadda ba wanda ke dubawa. Buhu ya rufe ta, ƙura ta shafe ta, ko ƙwan ya mutu tun bara. Direban da ke tahowa daga baya a kan hanyar Wudil ko ta Haɗeja ba ya ganin komai sai ya iso. A goge ta kowace safiya, a manna 'yar leda mai walƙiya a bayan kaya, ko a sa rigar nan mai ɗaukar ido ta ma'aikatan hanya. Lissafin gudu kuma a fili yake. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarsa ta taɓa birki. Mai 40 yana cin 11. Tazarar da birki ke buƙata a 60 kuma ta ninka ta 40 fiye da sau biyu. Amalanken shanu ba shi da fitila, jaki ma haka, ɗan makarantar allo da ya duƙunƙune cikin zane ma haka.

Sai mai tuƙi. In sanyi na digiri 10 kana tafiyar kilomita 60 a awa, abin da fata ke ji ya yi kusa da digiri 5. Yatsu ne ke fara mutuwa, kuma da su ake kama birki da kuloci. A nan roba-roba ta fi Boxer, faffaɗan robobin gabanta suna tare wa ƙafa da gwiwa iska, ga ta ba ta da kulocin hannu. Ma'aikacin asibiti ko malamin da hanyarsa kwalta ce, ba ya ɗaukar kaya, zai fi jin daɗinta da safe. Amma cikinta a ƙasa yake, ba ta son zurfin yashi, ba ta son buhu. Honda Ace da TVS suna gogayya da Boxer a ƙarfi da tattalin mai, sai dai a ƙauye tambayar ita ce wane ne za ka sami wayar kulocinsa a teburin mai kayan gyara ranar kasuwa, kuma a wannan fagen Boxer ne a gaba. Illar wannan yalwar ita ce jabu ya yi yawa, musamman fulogi da fatar birki da ringi. Mai araha ƙwarai a bar shi.

Abin da ke tare sanyin hanya ba kaurin riga ba ne, hana iska ratsawa ne. Rigar sanyi ta saƙa ita kaɗai iska na bi ta cikinta kamar taga. A sa ta a ciki, a ɗora mai santsi irin ta leda ko fata a sama, a zuge har wuya. Wanda bai da ita ya shimfiɗa takarda mai kauri ko yankin kwali a ƙirji ƙarƙashin riga, tsohuwar dabara ce kuma tana aiki. Safar hannu ta zama mai tare iska amma ba mai kaurin da zai hana jin birki ba. Safa da rufaffen takalmi, ba silifa ba, a shafa man kaɗanya ko basilin a dunduniya da leɓe da bayan hannu kafin a fita. Rawani ko takunkumi a hanci, a riƙa wanke shi, mai asma kuma kada ya fita ba maganinsa a aljihu. Jelar rawani da bakin babbar riga da mayafin wadda aka goya a tattare su sosai, taya ta baya ba ta da tausayi. Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sawa tun Janairun 2009 aka yi ta wasa da ita, a hunturu ne ma ta fi daɗin sawa, domin tana rufe kunne, gilashinta kuma na tare ido. Gilashin ya zama fari, a wanke shi da ruwa, in aka goge shi a bushe ƙurar na karce shi har ya koma hazo na biyu. Yaro ƙarami kuwa kada a ɗora shi a kan tanki da asuba ya zama shi ne garkuwar iska, a sa shi a tsakiya.

Ga mai niyyar sayen na hannu, hunturu ne lokacin da ya fi, don babur ba ya iya ƙarya da sanyin safe. A yi alƙawari da mai shi bayan sallar asuba, ba da hantsi ba. Kafin komai a ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi to an riga an tayar da shi, a dawo gobe. A sa shi ya tayar a gabanka, a ƙirga bugun kik, a tsaya ta bayan salansa a ga launin hayaƙin: baƙi-baƙi na ɗan lokaci aikin cok ne, shuɗi mai ɗorewa ringi ne. Sannan a ce ya buɗe akwatin matatar iska, a zura yatsa cikin robar da ta nufi kafireta. In yatsan ya fito da ƙura, a rage kuɗin gyaran inji daga farashin tun kafin a fara ciniki.